Aladun Daji da Kitsen Ƙasa: Darasi Domin Gonakinmu

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani labari da ya fito daga ƙasashe masu nisa, amma wanda ya shafi abin da muke takawa kowace rana, wato ƙasar gonarmu. Labarin na aladu ne da suka tsere wa masu su, suka koma daji, suka yi yawa har suka zama annoba. Masana sun gano cewa ban da cinye amfanin gona, tonon da suke yi yana sa ƙasa ta yi asarar ƙarfinta, kuma abin da ta rasa yana tashi sama ya ƙara zafin duniya. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka bari mu duba abin da ya faru a can, sa'an nan mu juyo mu duba namu gonakin.

Yadda aladen gida ya zama annoba

Asalin aladen daji na Turai da Asiya ne. A nahiyar Amurka da Ostareliya babu irinsa sai da Turawa suka kai shi a cikin jiragen ruwa domin su sami nama. Kolumbus ya kai aladu tsibiran Amurka a shekarar 1493. Wani jagoran mayaƙan Sifen mai suna Hernando de Soto ya sauka da wasu a Fulorida a 1539. Turawan Ingila kuma sun isa Ostareliya da nasu a 1788. A lokacin ba a killace su sosai, sakinsu ake yi su nemi abinci da kansu. Wasu suka ɓace a daji, suka hayayyafa a can.

Alade dabba ce mai saurin haihuwa. Cikinsa kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Macen tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya biyar ko shida ko fiye. Ga shi kuma ba ya zaɓen abinci: saiwa, ƙwaya, tsutsa, ƙwan tsuntsu, mushe, duk nasa ne. A yau ana ƙiyasta cewa akwai aladun daji wajen miliyan 6 a Amurka, sun bazu a jihohi fiye da 30, kuma ɓarnar da suke yi a shekara ta haura dala biliyan ɗaya da rabi. Masana a jihar Tekzas sun lissafa cewa sai an kashe kusan biyu cikin kowane uku a kowace shekara kafin yawansu ya tsaya a inda yake. Wannan ya nuna mana cewa abin da aka yi wa sakaci tun yana ƙarami, sai ya gagari gwamnati mai jiragen sama da kuɗi.

Abin da masana suka gano a 2021

A watan Yuli na 2021 wasu masana daga Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya da Jami'ar Kantabari ta Niyu Zilan, ƙarƙashin jagorancin Dokta Christopher O'Bryan, suka fitar da sakamakon wani bincike. Sun yi amfani da kwamfuta suka zana taswira 10,000 na inda aladun daji za su iya kasancewa a ƙasashen da ba nasu ba ne na asali, da yawansu a kowane wuri. Daga nan suka lissafa faɗin ƙasar da suke tonewa.

Lissafinsu ya nuna cewa aladun suna tone fili mai faɗin murabba'in kilomita 36,000 zuwa 124,000. Domin mu gane girman wannan, Jihar Katsina gaba ɗayanta wajen murabba'in kilomita 24,000 ce. Ke nan ƙaramin lissafin ya kai Jihar Katsina ɗaya da rabi, babban kuwa ya kai kamar biyar. Sun kuma ƙiyasta cewa wannan tono yana sakin iskar kabon wajen tan miliyan 4.9 a shekara, daidai da hayaƙin motoci miliyan 1.1. Fiye da rabin wannan daga yankin Ostareliya da Niyu Zilan yake fitowa.

Ya kamata mu auna wannan da ma'auni na gaskiya. Ƙiyasi ne, masu binciken da kansu sun ce ainihin adadin zai iya ɗara haka ko ya gaza da yawa. Kuma man fetur, gas da kwal da duniya ke ƙonawa suna sakin wajen tan biliyan 37 a shekara. Rabon aladu bai wuce kashi ɗaya cikin dubu bakwai na wannan ba. Saboda haka ba aladu ne suka jawo sauyin yanayi ba. Amfanin binciken a gare mu shi ne ya nuna a fili abin da yake faruwa duk lokacin da aka buɗe cikin ƙasa aka bar shi a rana.

Mene ne kabon, kuma me yake yi a ƙasa?

Kowa ya san gawayi. Baƙin abin da ya rage bayan an ƙona itace a rufe, yawancinsa sinadarin da masana suke kira kabon ne. Yana cikin kowane abu mai rai: ganye, kara, saiwa, nama, kashin dabba. Tsiro yana zuƙo shi daga iska ta ganyensa da taimakon hasken rana, ya gina jikinsa da shi. Idan ganye ya faɗi, ko saiwa ta mutu, ko dabba ta yi kashi, sai gara da tana da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ci su, su ruɓar da su. Abin da ya rage shi ne baƙi-baƙin nan mai laushi da muke gani a ƙarƙashin tsohuwar ɗorawa, ko a tsohon juji, ko a inda shanu suka daɗe suna kwana. A wannan takarda za mu kira shi kitsen ƙasa. Fiye da rabin nauyinsa kabon ne.

Kitsen ƙasa yana yi wa manomi aiki huɗu. Yana riƙe ruwa kamar soso, shi ya sa shuka a ƙasa mai kitse ba ta saurin yaushi idan ruwa ya ɗauke na mako biyu. Yana riƙe abincin shuka, har da takin zamani da muka saya da tsada, kada ruwa ya wanke shi. Yana haɗa ƙwayoyin ƙasa su dunƙule, iska da ruwa ba sa kwashe su da sauƙi. Yana kuma ciyar da ƙananan halittun da suke narkar da abinci domin saiwa ta iya sha.

A duniya baki ɗaya, kabon da yake kwance a cikin ƙasa ya ninka wanda yake cikin iska sau biyu zuwa uku. Ƙasa babban rumbu ce. Muddin tana rufe da ciyawa, ganye da inuwa, ruɓewar tana tafiya a hankali, abin da yake shiga rumbun yana daidai da abin da yake fita. Amma idan aka tone ta aka juye, iska takan shiga, dunƙulen ƙasa su farfashe, zafin rana ya bugi abin da yake ɓoye. Sai ƙananan halittun nan su sami abinci a buɗe, su cinye shi da sauri, su fitar da shi a matsayin iskar kabon, kamar yadda mu ma muke fitar da ita in mun yi numfashi. Wannan iska idan ta yi yawa a sama takan riƙe zafi kamar bargo. Abin da hancin alade yake yi ke nan. Abin da garma take yi ke nan ita ma.

To, mu a nan fa?

A yankinmu ba mu da garkunan aladun da suka koma daji irin na Ostareliya. Wanda tsofaffin maharbanmu suka sani shi ne gadu, wanda wasu suke kira mugun dawa. Shi ɗan asalin Afirka ne. Yakan durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba ya ci ciyawa, da rani ya tono saiwa, ya kwana a tsohon ramin dabgi. Tun fil azal yana da masu cinsa, zaki da damisa da kura, saboda haka bai taɓa cika daji irin na aladun can ba. Yau ma ya yi ƙaranci saboda farauta da saran daji, sai a manyan dazuzzuka irin su Kamuku ta Birnin Gwari da Yankari ta Bauci.

Amma akwai hanyoyi huɗu da mu da kanmu muke zubar da kitsen ƙasarmu.

Ta farko ita ce wuta. Idan muka tara kara da ciyawa a lokacin sharar gona muka cinna musu wuta, kabon ɗin da ya kamata ya koma ƙasa yana tafiya a hayaƙi cikin awa ɗaya. Sinadarin da yake sa ganye ya yi kore, wanda muke saya a buhun yuriya, shi ma yana bin hayaƙin. Tokar da ta rage tana da amfani, amma kaɗan ne daga abin da aka yi asara. Haka ma wutar da yara suke sa wa daji domin farautar gafiya da zomo.

Ta biyu ita ce kwashe kome daga gona. Bayan kaka mukan ɗebe kara domin danni da girki, harawa domin dabbobi ko kasuwa. Bukata ce ta gaske, ba wanda zai musa. Amma idan takin dabbobin bai koma gonar ba, to mun ɗiba daga rumbu ba mu zuba ba.

Ta uku ita ce yawan juya ƙasa. Huɗa da garmar shanu ko tarakta kowace shekara, musamman in kunya ta bi gangare, tana buɗe ƙasa ga rana, tana kuma ba ruwa hanyar kwashe ta. Daga nan kwazazzabo yake farawa.

Ta huɗu ita ce rashin hutun gona. Iyayenmu sukan bar gona ta zama saura na wasu shekaru. Makiyaya kuma sukan sauka a gona bayan kaka, shanunsu su ci kara su bar taki, manomi ya ba su hatsi. Yawan jama'a ya rage na farko, rashin zaman lafiya ya rage na biyu. Mun san halin da ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Mutane da yawa sun bar gonakinsu na nesa, kowa ya dawo ya matsa wa 'yar gonar da take kusa da gari. Wannan gona ce take ɗauke da iyali duka, ita ce kuma ta fi bukatar a kula da kitsenta.

Ƙasarmu ta jigawa dama ba ta da kitse mai yawa. A gonaki da yawa na arewacin Nijeriya kabon bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin ƙasar sama ba. Ga misali domin mu gani. Ƙasar saman hekta ɗaya, zurfin santimita 20, tana da nauyin wajen tan 3,000. Idan kabon ɗinta rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, to tan 15 ke nan, wato buhu 150 masu kilo ɗari-ɗari. Manomin da ya rasa kashi ɗaya cikin goma na wannan ya yi asarar buhu 15 na abin da babu kasuwar da ake sayar da shi. Ba zai ga ranar da ya tafi ba. Sai dai ya ga ƙasa ta yi fari, ƙuduji ya yi yawa a dawa, buhun taki biyu ba ya yin aikin da ɗaya yake yi a dā.

A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, inda ake kwatanta takin shanu da takin zamani shekara bayan shekara. Abin da aka gani shi ne filayen da suke samun takin dabbobi sun fi riƙe kitsensu, kuma haɗa takin gargajiya da na zamani ya fi amfani da na zamani shi kaɗai na tsawon lokaci.

Ga masu kiwon aladu a cikinmu

Wasu gidaje a ikilisiyoyinmu suna kiwon aladu, kuma kiwon yana biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Abin da muke roƙo shi ne a killace su. Aladen da aka saki yana yin daidai abin da na daji yake yi. Yakan shiga fadama ya tone gwaza da dankali, ya tumɓuke rogo da gyaɗa, ya farfasa bakin rafi har ƙasa ta zube. Fadama kuwa ita ce wurin da ya fi kowane kitse a ƙauye, domin laima tana sa ruɓewa ta yi jinkiri a can.

Akwai wasu dalilai uku. Na farko lafiyar garken. Zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓarke a Nijeriya a 1997, ya sake yin mummunar ɓarna a babbar gonar Oke-Aro kusa da Legas a 2020. Ba ya kama mutum, amma ba shi da magani, kuma yakan share garke cikin 'yan kwanaki. Aladen da yake yawo yana cuɗanya da na wasu shi ne ya fi saurin kawo shi gida.

Na biyu lafiyar iyali. Aladen da yake cin bayan gidan mutane yakan ɗauki ƙwan tsila, ya zama fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a cikin namansa. Wanda ya ci naman bai dahu ba yakan sami tsila a ciki. Wanda kuma ya haɗiye ƙwan ta hanyar hannu ko ruwa marar tsabta, ƙwayoyin suna iya zama a ƙwaƙwalwarsa su jawo farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da wannan cuta ta yi yawa, kusan uku cikin goma na masu farfaɗiya daga nan suka same ta. Ɗakin aladu da masai a kowane gida suna yanke wannan hanya.

Na uku zaman tare. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa ci, ba sa son ya kusanci gidajensu, rijiyoyinsu ko gonakinsu. A lokacin da muke ciki, ƙaramin abu yakan zama babba. Mu kiyaye hakkin maƙwabci kada dabbarmu ta zama sanadin faɗa.

Aladen da yake a ɗaki kuma yana ba da taki a wuri ɗaya. Hancin da zai ɓata fadama ya tsaya, kashin da zai watse a titi ya koma gona.

Abin da maƙwabtanmu na Maraɗi suka yi

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da yake aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma suke sarewa kowace shekara a lokacin sassabe tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Maimakon dasa sabbin itatuwa da suke mutuwa da rani, sai aka fara zaɓen toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, a sare sauran, a riƙa yi musu aski suna tashi. Manoman Nijar suka sa wa wannan suna sassaben zamani. Daga maƙwabci zuwa maƙwabci ya bazu, har aka ƙiyasta cewa ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Ruwan samanmu a kudancin Katsina ya fi na Maraɗi yawa, saboda haka kalgo, sabara, marke da gawo za su fi saurin tashi a nan. Gawo yana da wata baiwa ta musamman: yakan zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya zama taki.

Abin da za mu iya farawa bana

1. Mu daina ƙona gona. Abin da ba mu bukata a gida mu shimfiɗa shi a kan ƙasa ya rufe ta. Inda ciyawa ta yi yawa ko akwai cuta, a tara a gefe a ƙona wannan kaɗai.

2. Mu haƙa ramin taki a inuwa. A zuba busasshiyar ciyawa ko yankakken kara, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ramin ya cika. A juya shi bayan mako uku ko huɗu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya daina wari. Kada a zuba ɗanyen kashin alade a kan kayan lambu, sai ya ruɓe tukuna. A tsince leda da batir daga shara kafin a zuba.

3. Idan takin bai isa gona duka ba, a zuba shi a gindin shuka ko a cikin kunya, a rufe da ƙasa. A bi gonar kashi-kashi, bana nan, baɗi can.

4. Mu ja kunya a gicciye da gangare domin ta tare ruwa. A bar layin gamba ko jerin duwatsu a inda ruwa yake gudu.

5. Mu riƙa juya shuka. Inda aka yi masara ko dawa bana, a sa waken suya, wake ko gyaɗa baɗi, ko a haɗa su tare. Suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, waken suya kuma yana taimakawa wajen rage ƙuduji.

6. A lokacin sassabe mu bar toho masu kyau su zama itace, mu ɗaura musu tsumma domin kowa ya san da gangan aka bar su.

7. Mu gina wa aladu ɗaki mai inuwa da ƙasa mai tauri, mu ba su dusa, ɓawon rogo da aka shanya, ganye da ruwa mai tsabta. Sabon alade a ware shi na wata guda kafin a haɗa da sauran. Idan suka fara mutuwa da yawa, a sanar da malamin dabbobi, kada a kai su kasuwa.

Kitsen ƙasa yakan tafi cikin 'yan shekaru, amma dawowarsa sai a hankali. Kada wanda ya fara bana ya karai in bai ga bambanci mai yawa a kaka ɗaya ba. A shekara ta uku ko ta huɗu ne fartanya take fara shiga da sauƙi, tana kuma ta fara bayyana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: maganar wuta, dabbobin sake da kare itatuwa sai an zauna da mai unguwa, da dattawa, da makiyaya, da dukan maƙwabta an yi shawara ɗaya.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumuntar mata, ta maza da ta matasa

Wace gona ce a ƙauyenmu ta fi ƙarfi, kuma me mai ita yake yi da ya bambanta?

Ina karanmu, harawarmu da kashin dabbobinmu suke tafiya bayan kaka? Nawa ne yake komawa gona?

Wace doka muke da ita a kan dabbobin sake da sa wa daji wuta? Ana bin ta?

Wane fili za mu iya warewa, ko gonar ikilisiya ko ta wani mai son gwadawa, mu raba shi biyu, rabi a yi yadda aka saba, rabi a bi waɗannan shawarwari, mu auna amfanin kowanne na shekara uku?

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙauyukanmu.